Idan Fitila Ta Kalli Sama, Ka Duba Ƙafar Mota

Ɗana, muddin ka zauna a sana'ar rewaya, akwai ƙorafi iri biyu da kunnenka zai saba da su. Wani zai zo ya ce fitilarsa ba ta haska komai sai gaban bamba, da dare da lalube yake tuƙi. Wani kuma ya ce duk motar da suka yi gaba da gaba sai ta watsa masa ful, wasu har da zagi, alhali shi a dim yake. In ka leƙa dashbod, sau da yawa za ka tarar da 'yar alama ruwan ɗorawa, hoton fitila da kibiya a gefenta, ko rubutun gargaɗi cewa saitin fitila ya samu matsala. Ƙorafin biyu ne, amma yawanci tushensu ɗaya: na'urar da ke ɗaga fitila da sauke ta daidai da zaman motar ta daina aikinta.

Abin da nake gani wajen da yawa daga cikinku masu tasowa, har da ke 'yata da kika shigo sana'ar a 'yan shekarun nan, shi ne hannu yana riga tunani. Kafin mai mota ya rufe baki an ɗaga bonet, an zura sukudireba bayan fitila ana murɗawa. In bai yi ba a ce ƙwai ne. In har yanzu bai yi ba, a ce a je Ƙofar Ruwa ko Panteka a sayo fitila sukutum. Na san ba lalaci ke kawo wannan ba. A kan motocin da fitilarsu ba ta haɗa komai da kowa ba sai fis da makunni aka koya muku aiki, kuma a waɗancan motoci murɗa sukurun shi ne gyaran. A motar da ke saita fitilarta da kanta kuwa, wannan shi ne an bar jaki ana dukan taiki.

Bari mu fara da dalilin da ya sa aka ɗora wa mota wannan ɗawainiya, domin wanda ya san amfanin abu ba ya saurin cire shi ya yar. Ka share ƙurar saman gidan fitila, za ka ga an buga wata 'yar lamba, 1.0% ko 1.2% ko makamancin haka. Idan 1.0% ce, ana nufin hasken dim ya riƙa sauka da santimita 1 a kowace mita 1 da ya yi gaba. Fitilar da ke da tsayin santimita 65 daga ƙasa ke nan, bakin haskenta zai taɓa kwalta a wajen mita 65. To ɗauki ƙaramar mota mai tazarar mita 2.7 tsakanin tayar gaba da ta baya. A zuba mata buhuna a but, mutum uku su zauna a baya, bayanta ya zauna da santimita 5 kacal. Wannan ɗan zaman ya ɗaga hancinta da kusan kashi 2 cikin 100. Hasken da ke sauka ya koma hawa, kuma a nisan mita 50 ya haura mita 1 daga ƙasa, daidai saitin idon direban da ke tahowa. Ka san irin lodin da muke yi wa mota ranar tafiya gida salla, ba santimita 5 take zama ba.

Masu ƙera mota sun daɗe da gane haka. Tun 1967 Citroën DS ta Faransa ta fito da fitilun da ke bin zaman motar, da sanduna da igiyoyin ƙarfe kawai, babu kwamfuta. A Jamus, daga 1990 aka wajabta wa sababbin motoci abin saita tsayin haske daga cikin mota; shi ne ɗan makunnin nan mai lamba 0 zuwa 3 da kake gani kusa da sitiyari a tsofaffin Golf da Vectra, wanda direbobinmu da yawa ba su taɓa juya shi ba. Sai a 1991 BMW ta sa fitilar zenon a jerin motocinta na 7. Ƙwan halojin na H7 yana ba da haske wajen lumen 1,500, na zenon irin D2S kuwa yana kai 3,200. Haske mai wannan ƙarfi ba a bar wa direba ya tuna ko ya manta ba. Ƙa'ida mai lamba 48 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ƙasashen Turai ke bi, ta ce duk fitilar dim da ƙwanta ya haura lumen 2,000 dole ta riƙa saita kanta, kuma a sa mata abin wanke gilashi. Amurka ba ta tilasta hakan ba. Saboda haka kafin ka taɓa komai ka san daga ina motar ta fito. Beljiyam ɗin da ta biyo ta Kwatano da zenon ɗinta na kamfani tana da wannan tsari. 'Yar Amurka tana iya zuwa da shi, tana iya zuwa babu. Kada ka ɓata wuni kana neman abin da ba a taɓa sa wa motar ba.

Tsarin kansa ba shi da wuyar ganewa. Akwai sensa a ƙarƙashin mota, an ɗaure jikinta a bodi, tana da ɗan hannu mai lilo, an haɗa hannun da ƙafar motar ta hanyar 'yar siririyar sanda wadda ba ta kai biro tsawo ba, mai ƙwallo a kowane kai. Wasu motocin a baya kaɗai suke da ita, wasu gaba da baya. Mota ta zauna, hannun ya motsa, sensa ta aika saƙo zuwa ƙaramar kwamfutar fitila, ita kuma ta umarci ɗan injin da ke cikin kowace fitila ya sunkuyar da ita ko ya ɗaga ta. Wasu lodi kawai suke bi, suna gyara a hankali. Wasu har birki da taka totur suke bi cikin ƙiftawar ido. Akwai kuma sababbin motoci, musamman na Japan, da ba su da sandar nan sam, a cikin kwamfutar aka sa abin da ke jin karkatar motar. Amma abin da ya fi shigowa garejinmu mai sanda ne.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Ka fuskantar da motar bango a inuwa, ka tashe ta, ka kunna fitila, ka zuba ido. Motoci da yawa sukan sunkuyar da fitilun duka biyu su sake ɗago su, suna neman inda za su fara ƙirga. In ɗaya ta motsa ɗaya ta tsaya cak, matsalar tana wajen wadda ta tsaya, a injinta ko wayarta. In duka biyun sun yi wannan gaisuwar lafiya lau, sannan suka je suka tsaya a ƙasa ko a sama tare, to injinan ƙalau suke, ƙarya ake faɗa musu daga ƙasa. In kuma babu wadda ta motsa, ka duba fis da wutar da ke shiga kwamfutar, amma ka tuna ba kowace mota ce ke yin wannan motsi ba. Daga nan ka sa yara biyu su zauna a bakin but, inji na aiki, ka ɗan jira. Layin haske zai hau bango, bayan 'yan daƙiƙoƙi ya kamata ya dawo inda yake. In bai dawo ba, shimfiɗa kwali ka shiga ƙarƙashi.

A nan ne nake so ka fi daɗewa, domin a nan mafi yawan aikin yake, kuma nan ne wurin da matasa suka fi ƙyamar shiga, wai su masu waya ne ba masu baƙin mai ba. Motar da ta yi shekaru a Turai ta sha gishirin da suke zuba wa tituna lokacin ƙanƙara. Ƙwallayen sandar nan sun riga sun yi tsatsa kafin a loda ta a jirgi. Ta zo nan ta haɗu da ƙurar hunturu, da taɓon damina, da ramuka, da tudun rage gudu da kowace unguwa ke ginawa yadda ta ga dama. Ƙwallon ya bushe ya ƙage. Da ya ƙage, duk tsallen da taya ta yi sai ya ƙare a kan hannun sensa, shi kuwa roba ne. Ko sandar ta ɓalle, ko hannun ya karye, ko ƙarfen da ya riƙe sensar ya lanƙwashe. Za ka tarar da hannun yana reto shi kaɗai, yana gaya wa kwamfuta cewa an danne motar da lodi alhali babu kowa a ciki, ita kuma ta sunkuyar da fitila har gaban bamba. Motoci da yawa ma da gangan suke sauke hasken ƙasa idan saƙon sensa ya rikice, don kada su makantar da mutane. Mai mota yana ganin lalacewa, ita kuwa motar kariya take yi.

Wani lokacin kuma ba hanya ce ta yi ɓarnar ba, hannun ɗan'uwanka ne mai aikin ƙafa. Shi ya sa nake so ka saba da tambaya kafin ka ɗauki sifana: "Alhaji, yaushe abin ya fara? An canza shokozoba ko bushin kwanan nan? An ɗaga motar a jak?" Matambayi ba ya ɓata. Idan bakanike ya kwance shokozoba bai fara cire sandar sensa ba, ƙafar takan sauka fiye da ƙima, ta ja hannun har ya wuntsila ya koma ɗaya ɓangaren. A mayar da komai a ɗaure tsaf, babu abin da ya karye, amma yanzu in mota ta zauna sensa cewa take ta tashi. Gyaran wannan minti kaɗan ne, noti ɗaya za ka kwance ka juyo da hannun. Na ga inda aka sayi fitilu biyu da kwamfuta a kan wannan, kuɗi masu yawa, matsalar tana nan daram. Kuma in ka gano haka, kada ka tsaya gaban mai mota kana kushe bakaniken. Ka je ka same shi ka nuna masa, gobe shi zai turo maka aiki. Kai ma ka ɗauki ɗabi'ar ɗaukar hoton sensa da wayarka kafin a taɓa ƙafar kowace mota.

Idan sanda da hannu lafiya suke, sai a koma ga mita. Yawancin waɗannan sensoshi waya uku ne: ɗaya na kawo wuta bolt 5, ɗaya nagetif, ɗaya ta saƙo. Ka cire sandar daga ƙafa, makulli a kunne, ka riƙa motsa hannun a hankali kana kallon mita. A irin da aka fi sani, lambar za ta riƙa tafiya sumul tsakanin wajen bolt 0.5 da 4.5. In ta yi tsalle, ko ta faɗi sifili a tsakiyar tafiya, ko ta ƙi motsi, sensar ta ci ruwa ko ta cinye daga ciki. Wasu kuma, kamar na motocin Jamus da dama, ba da hawa da saukar wuta suke magana ba, da bugu-bugu ne mai saurin gaske, mita ba za ta nuna maka gaskiyarsu sosai ba sai ka duba ta kwamfutar gwaji. Kada ka yanke wa irin wannan hukuncin mutuwa don mitarka ta nuna abin da ba ka saba gani ba.

Kafin ma ka zargi sensa, zare soket ɗinta ka duba. Koren tsatsa a kan fil ɗaya ya isa ya rikita komai, kuma masu wankin mota da ke harba ruwa mai ƙarfi a ƙarƙashi suna taimaka masa. Ka bi wayar da yatsa har inda ta shige bodi, domin tana lanƙwasa duk lokacin da ƙafa ta motsa, tana iya tsinkewa a ciki rigarta na nan lafiya. Motar da ta daɗe a ajiye kuma ka tuna da ɓera.

Akwai ɗabi'u biyu da muka gada daga zamanin tsofaffin motoci waɗanda nake roƙonka ka ajiye su a nan. Ta farko testa mai ƙwai. Tana da amfani a wayar fitila da ta hon, amma wayar bolt 5 daga cikin kwamfuta take fitowa, ba a yi ta don ɗaukar nauyin ƙwai ba. Ta biyu ita ce jawo waya daga batir a dangwala wa abu don a ga ko zai motsa. Ɗan injin da ke cikin fitilar zenon sau da yawa irin mai tafiya taki-taki ne, waya huɗu, naɗi biyu. Ba ya juyawa don an ba shi bolt 12, zafi kawai zai yi, in ka daɗe ya ƙone. Auna naɗin biyu za ka yi da mita, su ba ka lamba kusan ɗaya. Haka nan huda waya da allura: ramin da ka bari a ƙarƙashin mota nan ruwa zai shiga, bayan damina ɗaya a dawo maka da sabuwar matsala wadda kai ka shuka ta. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a wannan aiki mai mota ne ke biyan kuɗinsa.

In bincike ya kai ka cikin fitilar, ka kashe ta, ka cire makulli, ka bari ta huce. Zenon na tashi da wuta sama da bolt 20,000, ba wurin gwada jarumta ba ne. Abin da za ka fi tararwa shi ne ƙwallon da ke kan sandar injin ya fita daga gurbinsa a bayan madubin fitilar. Kana jin injin yana ƙara amma haske ba ya motsi, kuma in mota ta shiga gargada hasken na rawa. Me ke fitar da shi? Wani lokaci karo ne, ko ɗan bugun da fanabita ya gyara ya shafe da fenti. Amma sau da yawa sukudireban nan ne na farko: an yi ta murɗa sukurun saiti ana so a ɗago hasken da kwamfuta ta sunkuyar, har aka kai ƙarshen zare, abin ya ɓalle. Ka ga an shigo da ciwo ɗaya an fita da biyu.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Idan sanda ta karye, akwai dabarar da ta yaɗu: a ɗaga hannun sensa zuwa inda haske ya yi daidai a bango, a ɗaure shi da waya ko robar tayar keke, alama ta mutu a dashbod, a karɓi kuɗi. A cikin gareji, mota babu kaya, aikin ya yi kyau. Amma ka mayar da motar makauniya ga lodinta. Ranar da mai ita ya cika but ya ɗebi iyali ya hau hanyar Zariya zuwa Kano da dare, ko wata siririyar hanya mai hannu biyu inda babu abin da ya raba shi da masu tahowa, wancan lissafin na santimita 5 zai tashi, da hasken da ya ninka na halojin. Mai tahowa a gudun kilomita 90 yana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa biyu da ya yi ba ya gani, mita 50 ke nan, kuma ka san abin da ke gefen hanyoyinmu: mai babur babu fitilar baya, amalanke, shanu, tirela da ta lalace an jera mata ganye. Wanda abin zai faɗa wa bai san sunanka ba, bai taɓa zuwa garejinka ba, amma da hannunka a ciki. Ita kuwa sandar tana cikin mafi arahar abin da ke jikin motar. Ko ba a samu ta motar ba, ana samun mai zare da ake daidaita tsawonta. Ka auna tsohuwar daga tsakiyar ƙwallo zuwa tsakiyar ƙwallo, ka saita sabuwar daidai da ita, ka shafa wa ƙwallayen giris.

Bayan ka canza sensa, ko sanda, ko sifirin, ko kwamfutar, aiki bai ƙare ba. Dole a nuna wa motar inda sifilinta yake. A tsayar da ita a daɓe mai daidai, iskar taya cikakkiya, but babu kaya, a girgiza ta ta zauna da kanta, sannan a shiga da kwamfutar gwaji a sa ta a yanayin saitin tushe. A Volkswagen da Audi, lamba 55 ce sashen saitin fitila a yawancin waɗanda ke yawo a nan. A cikin wannan yanayi ne kaɗai ake murɗa sukurun, a gama a adana. Ka ga sukudireba yana da ranarsa, a ƙarshe ne ba a farko ba. In ba ka da na'urar auna haske, bango ya isa: ka auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ka ja layi a bango a wannan tsayi, ka ja motar baya mita 10, bakin hasken ya sauka santimita 10 ƙasa da layin idan 1.0% aka rubuta, 12 idan 1.2% ce. In garejinku babu kwamfutar da ke shiga wannan sashe, ba abin kunya ba ne ka kai wa wanda yake da ita ku raba kuɗin aikin. Ni na fi ganin girman yaron da ya ce "wannan sai mun je wajen wane" a kan wanda ya ce komai ya iya.

Motocin da aka ɗaga saboda hanya, aka sa musu zobe a kan sifirin ko aka canza sifirin da mai tauri, su ma sun canza zama, sensa na karanta tsayin da ba ta sani ba. Ba na hana ɗagawa, hanyoyinmu ne suka jawo. Amma duk wanda ya ɗaga mota sai a sake mata saitin tushe, wani lokaci har da ƙara tsawon sandar.

Akwai kuma hasken da ke damun mutane wanda babu ruwan sensa a ciki, kada ka wahalar da kanka a ƙarƙashin mota. Ƙwan LED ko zenon na kasuwa da aka cusa a gidan da aka ƙera don halojin ba ya ba da layi mai kaifi, watsuwa yake ko'ina, babu saitin da zai tattara shi. Sai fitilar da aka cire daga motar Ingila ko Japan, inda ake tuƙi a hannun hagu. Mu tun 1972 muka koma dama. In ka haska bango za ka ga layin dim yana da ɗan tudu a gefe ɗaya, domin ya haska alamun gefen hanya. A tamu tudun yana dama. In ka gan shi a hagu, fitilar ba ta hanyarmu ba ce, kai tsaye cikin idon mai tahowa take zuba shi. Ka gwada fitilar gwanjo a gaban mai shago kafin a biya, domin araha ba ta ado, kuma mayar da kaya a kasuwar kayan gyara ka san yadda yake.

Wani mai motar zai ji bayaninka duka ya ce yau ba shi da kuɗin sensa. Wannan ba laifi ba ne, kuma ba dalilin yi masa ɗaurin ɓoye ba ne. Ka gaya masa gaskiyar halin da motar take ciki. In dole sai ya tafi da ita, ka bar hasken ya ɗan fi sauka a kan yadda aka rubuta, ka faɗa masa ƙarara cewa fitilar ba ta bin lodi yanzu, ya rage gudu, ya guji tafiyar dare da kaya a baya. Kada ka kashe masa alamar dashbod, ita za ta riƙa tuna masa. Ka rubuta masa lambar da ke jikin sensar a takarda, ka nuna masa ko ta gaba ce ko ta baya, domin suna kama amma ba kullum suke shiga gurbin juna ba. In ya samo, ka ce ya zo da motar but babu kaya, kuma ya zo da yamma liƙis, don da rana tsaka ba a ganin layin haske a bango.